Valkiri, 'yan matan garkuwa da kabarin Birka: wai da gaske matan Vaikin sun yi yaƙi?

Duk bayan 'yan watanni sai ka ga labarin nan ya sake tasowa a Facebook ko TikTok, hoton wata baturiya da kitso har gadon baya, takobi a hannun dama garkuwa a hagu, an rubuta a ƙasa wai kimiyya ta tabbatar matan Vaikin mayaƙa ne. Daga nan sai musu ya kaure, wasu su ce ai dama mun gani a fim, wasu su ce ƙarya ce turawa ke shirya wa don su zuga mata. Labarin kuwa ba sabo ba ne, tun watan Satumban 2017 ya fito, lokacin da gwaji ya nuna ƙasusuwan wani kabari mai cike da makamai a Birka ta Suwidin na mace ne, kuma abin da masu binciken suka faɗa bai kai girman abin da ake yaɗawa ba, sannan bai kai ƙanƙantar yadda masu ƙaryatawa ke ɗauka ba.

Su Vaikin ɗin, ga wanda bai sani ba, mutanen ƙasashen da yanzu ake kira Norwe da Suwidin da Denmak ne, waɗanda suka addabi Turai da hari ta jirgin ruwa, suna fatauci kuma suna kafa garuruwa. Masana tarihi kan fara lissafin zamaninsu daga 793, shekarar da suka afka wa gidan ibadar Lindisfarne a Ingila, su rufe a 1066.

Abu uku ne ake cakuɗawa

Tushen ruɗanin shi ne mata iri uku ake zubawa a kwando ɗaya. Akwai Valkiri, waɗanda ba mutane ba ne sam, halittu ne a addinin gargajiyar mutanen kafin su karɓi Kiristanci. Akwai 'yan matan garkuwa, skjaldmær a tsohon harshensu, su kuma 'yan adam ne amma a cikin labarai da waƙoƙin jarumta ake samunsu. Sai na uku, matan gaske da aka tono ƙasusuwansu tare da makamai. Hujjar ɗaya ba ta zama hujjar ɗaya, kamar dai mutum ya ce tunda akwai Inna a bori to lallai an yi wata mata mai wannan siffar a gari kaza.

Valkiri ta asali abar tsoro ce

Kalmar valkyrja guda biyu ce aka haɗa, valr wato gawarwakin fagen fama, da kjósa wato zaɓa. Mai zaɓen wanda zai mutu kenan. A imaninsu Odin, babban abin bautarsu, shi ke aika su duk inda aka yi daga, su ware wanda zai faɗi da wanda zai koma gida, su kwashi zaɓaɓɓun zuwa Valhala, wani makeken zaure da waƙar Grímnismál ta ce ƙofofinsa 540, kowace ƙofa mayaƙa 800 za su fita ta cikinta ranar yaƙin ƙarshen duniya da suke kira Ragnarok. Kenan tara sojoji Odin yake yi, ba wai sakayya kawai yake rabawa ba. Kuma ba shi kaɗai ke kwasa ba, waƙar ta ce rabin matattun na Freyja ne, wata abar bautarsu mace. A cikin zauren kuma Valkirin nan dai su ne masu zagayawa da ƙahon giya suna shayar da mayaƙan, abin da masu fim ba su cika nunawa ba don bai dace da hoton jaruma ba.

Sunayensu ma kaɗai sun isa. Hildr da Gunnr duk ma'anarsu yaƙi, Herfjötur kuwa ma'anarta mari ko ɗaurin runduna, wato irin sandarewar nan da ke kama mayaƙi ya kasa ɗaga ƙafa alhali ga abokin gaba na tahowa.

Inda za ka ga ainihin yadda ake jin tsoronsu shi ne wata waƙa da ke cikin labarin Njáll, wani tsohon labarin Aislan, wadda aka danganta da yaƙin Clontarf da aka yi kusa da Dublin a 1014. Wai ranar da ake gwabzawa a Ailan, can a arewacin Sikotlan wani mutum ya hango mahaya goma sha biyu sun shiga wani ɗaki, ya leƙa ta taga sai ya ga mata ne sun kafa masaƙa suna saƙa, amma zaren hanjin mutane ne, abin da aka rataya don ya ja zaren ƙasa kawunan maza ne, takobi suke buga saƙar da shi, kibiya ce ƙoshiyarsu, suna saƙa suna waƙa suna faɗin wane sarki ne zai mutu. Da suka gama suka yayyaga saƙar kowace ta riƙe guntunta, shida suka yi kudu shida suka yi arewa. Lura da abu ɗaya a nan, ba su shiga yaƙin da hannunsu ba. Aikin mata na yau da kullum suke yi, saƙa, sai dai ƙaddarar maza suke saƙawa. A Ingila ma a wannan shekarar ta 1014 babban limamin coci Wulfstan ya yi wa'azi ya lissafa irin kalmar nan ta Valkiri tare da matsafa cikin miyagun da suka cika ƙasa.

Daga baya ne mawaƙa suka fara sassauta su, suka mai da wasunsu 'ya'yan sarakuna masu soyayya da jarumai. Wadda ta fi shahara Brynhildr, wadda ta saɓa wa Odin ta ba wani sarki nasara ba wanda aka umarce ta ba, hukuncinta kuwa aka sa ta barci kuma aka ce dole ta yi aure, ba ta ƙara zuwa yaƙi. Ita kuma ta yi rantsuwa ba ta auren wanda ya san tsoro.

Wa ya rubuta, kuma yaushe?

Nan ne gizo ke saƙar. Vaikin ba su bar littattafai ba, rubutunsu gajeru ne a jikin duwatsu da itace da ƙashi. Kusan duk abin da aka sani game da Valkiri a Aislan aka rubuta shi, ƙasar da ta karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000. Snorri Sturluson ya rubuta Edda, littafinsa mai bayanin labaran abubuwan bautarsu, wajen 1220, kundin da ya tattara tsoffin waƙoƙin kuma wajen 1270 aka kwafe shi. Wato sama da shekara 200 bayan an bar addinin, kuma Kiristoci ne suka riƙe alƙalamin. Wasu waƙoƙin dai tsoffi ne da gaske, misali wadda aka yi wa sarki Hákon na Norwe da ya mutu wajen 961, inda Valkiri biyu Göndul da Skögul suka zo ɗaukarsa, har ya tambaye su don me suka raba yaƙin haka. Don haka imani da Valkiri ba a tantama ya wanzu a zamanin. Bayanan dalla-dalla ne ake taka-tsantsan da su.

Mu ma mun san irin wannan matsalar a gida, Sarauniya Amina ta Zazzau kowa ya san sunanta da ganuwarta, amma har yau masana na saɓani ko ƙarni na 15 ta yi ko na 16, saboda baki ya daɗe yana ɗauke da labarin kafin takarda ta karɓa.

'Yan matan garkuwa

Su waɗannan mutane ne, suna jin ciwo suna mutuwa. Hervör ita ce misali mafi kyau. Ubanta Angantýr ya mutu a yaƙi tare da 'yan uwansa duka, ba ɗa namiji, sai ta sa kayan maza ta ɗauki sunan namiji ta shugabanci 'yan hari, ta je tsibirin Samsø da dare ta tsaya bakin kabarin uban tana kiransa har ya tashi ya miƙo mata takobin gidansu Tyrfing, duk da ya gargaɗe ta cewa takobin zai halaka zuriyarta. To amma ƙarshen labarin fa? Ta gaji da yawon hari, ta koma gida ta kama ɗinki, aka yi mata aure. Haka akasarin labaran suke ƙarewa, ko aure ko mutuwa.

Lagertha da masu kallon shirin Vikings suka sani, daga littafin Saxo Grammaticus ta fito, wani malamin Denmak da ya yi rubutu da Latin wajen 1200. Shi Saxo ya karanta littattafan Latin masu ɗauke da labaran matan Amazon, mayaƙa mata na tatsuniyar Girka, kuma yadda yake siffanta mata mayaƙa ya yi kama da nasu sosai, shi ya sa masana da yawa ke ganin aro ya yi ya ƙawata tarihin ƙasarsu, yana kuma nuna abin a matsayin baƙon hali na zamanin jahiliyyarsu.

Shaida daga waje ɗaya ce ake yawan kawowa. Marubucin Rumawan gabas John Skylitzes ya ce bayan wani yaƙi a Bulgeriya a 971, da sojojinsu ke tuɓe gawarwakin Rus, wato mutanen gabashin Turai masu tushen Vaikin, sai suka tarar da mata cikin kayan yaƙi. Sai dai ya rubuta ne kusan shekara 100 bayan yaƙin, kuma rundunar gauraye take da ƙabilu, ba 'yan arewacin Turai zalla ba.

Dokar Aislan ta dā, Grágás, ta hana mace ta yanke gashi kamar namiji ko ta sa kayan maza ko ta ɗauki makami. Kowane ɓangare na jan wannan dokar gefensa, wasu su ce ka ga an hana, wasu su ce ai ba a kafa doka kan abin da ba wanda ke yi. A cikin dokar kuma akwai wani tanadi mai ban sha'awa: idan aka kashe mutum ba shi da ɗa ko ɗan'uwa sai 'ya mace guda da ba ta yi aure ba, ita ke tsayawa matsayin ɗa wajen karɓa ko biyan diyya, har ranar da ta yi aure. Wata masaniya Carol Clover ta yi rubutu a 1986 tana cewa daga irin wannan ne labaran su Hervör suka samo tushe, 'yar da ta zama ɗa don gida ba namiji.

Kabari mai lamba 581

Birka gari ne na fatake a wani tsibiri cikin tafkin Mälaren, yamma da Stokholm, ya yi tashe daga wajen 750 zuwa wajen 975, kuma hanyar kasuwancinsa ta miƙa gabas har ƙasashen Musulmi, don an tono dirhami masu rubutun Larabci da yawa a wurin. A 1878 wani mai tonon kayan tarihi Hjalmar Stolpe ya buɗe wani kabari kusa da sansanin sojan garin. Abin da ya tarar: takobi, gatari, mashi, doguwar wuƙar yaƙi, kibau masu huda sulke, garkuwa biyu, dawaki biyu ingarma da goɗiya, ga kuma cikakken saitin 'ya'yan wani wasa mai kama da dara. Ba sarƙa ba kayan saƙa ba komai na mata. Cikin kaburbura kusan 1,100 da aka tona a Birka, biyu ne kawai ke da cikakkun makamai irin haka. Shekara sama da 130 ana buga zanen kabarin a littattafai a matsayin misalin babban barden Vaikin, ba wanda ya ce a kawo hujja.

Sai wata masaniyar ƙashi, Anna Kjellström, ta duba ƙashin ƙugu da muƙamuƙi ta ce wannan ai na mace ne. Aka ƙi yarda. Shi ne aka ɗebi samfur daga haƙori da ƙashin hannu aka yi gwajin ƙwayoyin halitta, DNA ɗin nan da kowa ke ji, tawagar Charlotte Hedenstierna-Jonson ta fitar da sakamako a 2017: mace ce, ta haura shekara 30, tsawonta wajen santimita 170, kuma sinadaran haƙoranta sun nuna ba a yankin ta taso ba.

Inda aka rabu

Masu shakka, wadda ta fi fitowa fili cikinsu Judith Jesch ta jami'ar Nottingham, ba cewa suka yi mace ba ta iya yaƙi ba. Tambayoyi suka yi. Ƙasusuwan da suka shekara sama da 100 a ajiya, an tabbata ba a gauraya su da na wani kabarin ba? Ina raunin sara ko karaya a jikinta? Sannan daga ganin 'ya'yan dara a ce kwamanda ce mai tsara dabarun yaƙi, wannan tsalle ya yi nisa. Babbar hujjarsu kuma ita ce mamaci ba shi ke binne kansa ba, masu rai ne ke zaɓen abin da za a sa masa, makami na iya nufin sarauta ko gadon gida ko matsayin dangi. An sha tono yara ƙanana da makaman da ba za su iya ɗagawa ba.

Masu binciken suka dawo da amsa a 2019, Neil Price na kan gaba. Suka ce ƙasusuwan na ɗauke da lambar kabarin a rubuce a jikinsu kuma sun dace da zanen da Stolpe ya yi, mutum ɗaya ne a ciki. Batun rauni, ko mazan Birka da aka duba ƙasusuwansu ƙalilan ne ƙwarai ke da tabon sara a ƙashi, mashi na iya kashe mutum bai taɓa ƙashi ba. Sai suka jefa tasu tambayar wadda ita ce ta fi nauyi a duk muhawarar: lokacin da ake zaton namiji ne wa ya nemi tabo kafin ya kira shi mayaƙi? In za a tsaurara ma'auni a tsaurara wa kowa. Sun kuma yarda cewa gwajin jinsin jiki kawai ya nuna, bai nuna yadda mutanen garin suka ɗauke ta ba, ta yiwu irin 'yar nan ce da ta tsaya matsayin ɗa.

In aka auna, kowane ɓangare ya ci wani abu. Cewa mace ce, wannan ya zauna. Cewa an binne ta da martabar mayaƙi, shi ma ya zauna. Cewa ta taɓa sarar wani a fagen daga, ƙashi ba ya faɗin wannan, ko nata ko na namiji. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a Solør ta Norwe an tono wata budurwa a 1900 da takobi da gatari da mashi da kibau, a Hårby ta Denmak kuma a 2012 aka tsinci ɗan mutum-mutumin azurfa da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mace da doguwar riga riƙe da takobi da garkuwa. Ita ma ana musu, Valkiri ce ko mutum. Amma dai 'yan tsiraru ne cikin dubban kaburbura.

Maganar da ake yaɗawa wai rabin mayaƙan Vaikin mata ne, daga wani bincike na Shane McLeod na 2011 aka murɗo ta. Gawa 14 ya duba a Ingila, 6 mata 7 maza ɗaya ba a gane ba, kuma magana yake kan waɗanda suka yi ƙaura suka zauna, ba mayaƙa ba.

Daga ina son nasu ya samo asali?

Hoton da ke kan mutane yau ba daga Aislan ya zo ba, daga dandalin wasan Jamus ya zo. Richard Wagner ya fitar da wasan waƙarsa na Valkiri a 1870, a 1876 kuma mai tsara kayan wasan Carl Emil Doepler ya ɗora wa 'yan wasa kwalkwali mai fiffike da mai ƙaho. Kwalkwalin Vaikin na gaske da aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba ƙaho ko ɗaya. Daga nan masu zane suka ɗauka, sai littattafan zane-zane na Marvel, sai fim, sai gem.

Dalilin da ya sa abin ke kama zuciya kuwa ya bambanta. Wasu mata na ganin hujja ce cewa ƙarfin hali ba na maza kaɗai ba ne tun fil azal. Samari da yawa ado da faɗan ne ke burge su. Akwai kuma masu aƙidar fifita farar fata a Turai da Amurka da suka daɗe suna ɗaukar alamomin Vaikin suna maƙalawa a tutocinsu, tun zamanin Nazi, abin da ke ɓata wa masana da masu sha'awar tarihin tsakani da Allah rai. Kowa da abin da yake nema a jikin mace guda mai garkuwa, shi ya sa sakamakon gwaji ɗaya ya tada ƙura haka.

Abin da ya shafi mai kallo da mai karatu

Na farko, wanda ya ɗauki fim a matsayin tarihi zai fita da tunanin cewa matan Vaikin sun fi kowa 'yanci. Gaskiya matar da take 'ya, ba baiwa ba, tana iya mallakar dukiya, tana iya neman saki, ita ke riƙe da makullan gida in miji ya tafi hari, kuma kabari mafi ƙasaita da aka tono na zamanin, jirgin ruwan da aka binne a Oseberg ta Norwe a 834, mata biyu ne a ciki. Amma ba ta zama alƙali ko shugabar majalisa, aurenta ma yawanci dangi ke ƙullawa. Ga kuma bayi mata, waɗanda fataucinsu na cikin manyan sana'o'in Vaikin. Ahmad ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza da ya haɗu da Rus a bakin kogin Volga a 922, ya ba da labarin jana'izar wani shugabansu inda aka kashe kuyanga don ta bi shi, kuma tsohuwar da ta yi kisan suna kiranta mala'ikar mutuwa. Ita ma mace ce mai riƙe da wuƙa a wannan duniyar, sai dai ba wanda ke sa hotonta a fuskar waya.

Na biyu, iyaye da ke ganin yara na buga gem ko kallon shiri mai Odin da Valhala, yana da kyau su san cewa addinin gargajiyar wasu mutane ne aka mai da nishaɗi, su ma jikokin Vaikin ɗin akasarinsu kallon tatsuniya suke masa, duk da akwai 'yan ƙungiyoyi da suka farfaɗo da bautar, a Aislan ma gwamnati ta yi wa ɗaya rajista tun 1973. Mai sayen riga ko sarƙa mai irin alamomin nan kuma gara ya bincika ma'anarta, musamman in zai yi tafiya Turai, don wasu an riga an ɓata su da siyasar wariya.

Na uku ya shafi gidajen tarihi da ɗalibai. Shekara da shekaru ƙa'idar masu tono ita ce takobi na namiji, abin wuya na mace, ba tare da an duba ƙashi ba. Birka ta sa dole a koma kan tsoffin akwatuna a sake gwaji, kuma ana sa ran wasu sunayen za su canza. Sai dai aikin na da iyaka, don Vaikin da yawa ƙona gawa suke yi kafin su binne, wuta kuma tana lalata ƙwayoyin halittar da ake gwadawa, a wurare da dama na Norwe kuma ƙasar tana da tsami har ta cinye ƙashin gaba ɗaya, takobin kawai ake tararwa a kwance.